Wasiƙa Daga Landan: Yadda Aka Raba Lantarki Biyu Tun Ba a San Ko Mene Ne Ba

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, tarihin wani abu da kowa ya sani a jikinsa: tartsatsin nan da ke cizon yatsa in an taɓa ƙofar mota lokacin hunturu. Caji ne ya taru a jikin mutum, da ya haɗu da ƙarfe sai ya tsallaka.

A nan Landan akwai wani tsohon gida da ake kira Charterhouse, inda ake ajiye dattawan da ƙarfinsu ya ƙare. Cikin waɗanda suka zauna a gidan akwai Stephen Gray, mutumin Kantabari, wanda asalin sana'arsa rini ce. I, marini, kamar na Ƙofar Mata. A 1729 yana goga wani bututun gilashi da ya toshe bakinsa, sai ya lura toshiyar ma tana jan gashin tsuntsu, alhali ba ita ya goga ba. Ashe abin yana tafiya daga jiki zuwa jiki. Shi da abokinsa Granville Wheler suka yi ta ƙara tsawon igiya har ta wuce ƙafa 700, cajin yana kaiwa ƙarshenta. Da suka rataye igiyar da zaren siliki, komai ya tafi daidai. Da silikin ya tsinke suka sa wayar tagulla, sai cajin ya zurare ta wayar ya ɓace. Daga nan aka gane akwai abin da lantarki ke bi ta cikinsa, akwai wanda ke tare shi. A 1730 har wani yaro Gray ya rataye da igiyoyi, ya taɓa ƙafarsa da gilashin, fuskarsa ta shiga jan 'yan ɓarɓashin ƙarfe. Yau da wani zai gwada haka, ai sai kotu.

Amma a ganina, mai karatu, gwanin labarin nan shi ne Coulomb, injiniyan sojan Faransa. A 1785 ya auna ƙarfin da caji ke ture caji da wani ma'auni mai siririyar waya. Matsalarsa ita ce ba shi da mudun auna cajin kansa. Ba a ganinsa, ba a ɗora shi a sikeli. To yaya za ka ce wannan rabin wancan ne?

Dabarar mai sauƙi ce. Ka samu 'yan ƙwallaye biyu masu girma ɗaya, guda da caji, guda babu. Ka haɗa su, ka raba. Tun da babu abin da ya fifita ɗaya a kan ɗaya, dole kowace ta tashi da rabi. Ka sake da wata sabuwa, ka samu rubu'i, ka sake, ka samu sumuni. Bai san yawan abin da ya fara da shi ba, amma ya san kason da ya rage. A 1786 ya nuna cewa ko ɗaya ta tagulla ce ɗaya ta totuwar itace, in dai girmansu ɗaya, rabon daidai yake. Siffa da girma ke yanke hukunci, ba irin kayan ba. Ya kuma nuna cajin a fatar ƙarfen yake zama, ba ya shiga ciki.

In girman ya bambanta fa? Ku ɗauki randa da tulu ku haɗa gindinsu da tiyo. Ruwan zai yi ta gudu har tsayinsa ya zo ɗaya a duka biyun, amma randa ta fi ɗauka. Haka caji: abin da ke daidaita shi ne matsinsa, wato abin da muke aunawa da bolt, ba yawansa ba. Lissafin ƙwallaye biyu masu mabambancin girma ya yi wuyar da sai a 1812 Poisson ya warware shi.

Duk wannan fa ana yi ne ana zaton wani irin ruwa ne marar nauyi. Sai a 1897 J. J. Thomson ya gano ilektron a Kambirij, shekara 168 bayan gilashin Gray. A ƙarfe waɗannan 'yan ƙwayoyin ne ke yawo, su bar inda suka cunkushe su koma inda suka yi ƙaranci. Benjamin Franklin na Amurka tun 1747 ya raɗa wa caji sunan mai ƙari da mai ragi, sai aka yi rashin sa'a ilektron ya faɗo a ɓangaren ragi. Shi ya sa har yau kibiyar da ake zana wa ɗalibai a allo take kallon kishiyar inda ilektron ke nufa.

Wanda ya taɓa leƙawa ta tagar jirgin sama ana zuba masa mai zai ga an fara maƙala wata siririyar waya tsakanin tankar man da jikin jirgin. Ana haɗa su ne su raba cajinsu ta cikin wayar, kafin ya yi tsalle ta iska a bakin tanki, inda tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi gobara.

A gaida kowa da kowa. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.