WA ZAI BUSA USUR? TARIHIN ALƘALANCIN WASAN 'YAN MAKARANTA A TAFA

A yi mini afuwa na kwana biyu ban yi rubutu ba, Baba ne ya je gida gaisuwar rasuwa ya bar ni da shago.

Maganar da nake tafe da ita yau wani zai ce ai wasan yara ce. To lallai wasan yara ce, amma ta taɓa hana unguwarmu barci.

A shekarar 2016 ina aji biyar na sakandare, aka haɗa wasan ƙwallo tsakanin makarantarmu da wata makaranta da ba zan kama sunanta ba. Mu yawancinmu 'ya'yan 'yan kasuwa ne Hausawa, su kuma yawancinsu 'ya'yan Gbagyi ne da Koro. An ce akwai alƙalin wasa mai takarda da zai zo daga Suleja, muka jira shi har bayan la'asar bai zo ba, daga baya muka ji wai ba a aika masa kuɗin mota ba ne. Sai wani malami na waccan makarantar ya karɓi usur. Wallahi har yau ba zan iya rantsuwa cewa ya yi son kai ba, domin ni ina baya ne, ban ga abin da ya faru a gaban raga ba. Abin da na sani shi ne, saura kamar minti biyar a tashi ya ba su fenariti, kafin a ajiye ƙwallon dutse ya fara tashi. Aka fasa wa wani yaro nasu kai, mu ma wani ƙanin abokina ya karye a hannu wajen gudu. Matar da ta shekara goma tana kawo wa Baba doya sai da ta yi sati uku ba ta tako shagonmu ba, ashe yaron da aka fasa wa kai ɗan yayarta ne. Sai da mai unguwa da dattawan ɓangarorin biyu suka zauna kafin abin ya lafa.

Tun daga lokacin nake tambayar manya yadda ake yi a da, ina kuma karanta abin da na samu a waya. Ga abin da na tattara.

Mai karatu ya san Hausawa ba jiya suka zo wannan ƙasa ba. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ne ya baro Zariya a zamanin jihadi, ɗan uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda shi ne Suleja ta yanzu, bayan gwamnatin Murtala ta zaɓi yankin ya zama babban birnin tarayya a 1976 aka ɗauke sunan. Amma irinmu, mu na baya-bayan nan ne. Hanyar Kaduna da ginin Abuja su suka jawo iyayenmu. Baba ya zo daga wajen Malumfashi a 1984 da buhun gero biyu. Ita kanta Sabon Wuse an yi ta ne domin mutanen da aka tasa daga Wuse lokacin gina birnin. Wato kowa da inda ya fito, kowa da harshensa, aka haɗu a fili ɗaya da ƙwallo ɗaya.

Wani kawuna da ya buga tamaula a nan tun kafin gwamnati ta tare a Abuja a 1991 ya ce mini a zamaninsu babu wani abu wai shi alƙali. Kyaftin biyu su ke sasantawa. In aka taɓa da hannu, wanda ya taɓa ya amsa laifinsa, in ya ƙi a yi ta musu har magariba ta raba. Da abin ya fara zama na cin kofi sai suka koma kowane ɓangare ya kawo mutum ɗaya, wannan ya busa kafin hutun rabin lokaci, wancan ya busa bayan an dawo. Ya ce abin dariya, duk wanda ya busa a zagaye na biyu ƙungiyarsa ce ke ci. Daga nan aka shiga neman baƙo: ɗan bautar ƙasa da aka turo koyarwa, ko ɗan sanda da ba ya bakin aiki, ko wani direban tirela da ya kwana a Tafa aka ji yana cewa ya taɓa bugawa a Jos. Ba don sun san doka ake ɗaukarsu ba, don ba su da ɗa a fili ne.

Abin da ya ba ni mamaki da na karanta tarihin ƙwallon shi ne, Turawan Ingila da suka tsara wasan su ma ta wannan hanya suka biyo, sak. Da farko kyaftin-kyaftin ke yanke hukunci. Daga baya kowace ƙungiya ta riƙa kawo mutum nata guda, su biyun su tsaya a fili, ba sa cewa komai sai an kai musu ƙara. In suka kasa daidaitawa sai su tafi wajen mutum na uku da ke tsaye a bakin layi riƙe da agogo. Sai a 1891 aka ga wannan ba ta fisshe su ba, aka shigo da na ukun nan cikin fili aka ba shi cikakken iko, su kuma biyun aka mai da su bakin layi suka zama lasman. A wannan shekarar ce kuma aka shigar da fenariti cikin doka. Ka ga ashe abin da muka yi a 2016, na barin mai gida ya yi wa kansa shari'a, abu ne da masu wasan suka jarraba suka watsar shekara 125 kafin mu.

Akwai kuma labarin kati, wanda ya fi kama da namu. A gasar cin kofin duniya ta 1966, a wasan Ingila da Ajantina a filin Wembley, alƙali Bajamushe Rudolf Kreitlein ya kori kyaftin ɗin Ajantina Antonio Rattin. Wannan ba ya jin harshen wancan, wancan ba ya jin na wannan, Rattin ya ƙi fita, aka daɗe ana jayayya. Shugaban alƙalan gasar, Ken Aston, shi ya yi tunanin a kwaikwayi fitilar ba da hannu ta kan titi, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuma fita. Aka fara aiki da katin a Meziko a 1970. To mu a filinmu harshe nawa ne? Yaro ya yi zagi da Hausa, wani ya rama da Gbagyi, malami yana tsawa da Turanci. Rannan da ka ce mana akwai kati a aljihun malamin nan, da ƙila an kori mutum biyu tun zagayen farko abin bai kai ga dutse ba. Amma ko katin ba shi da shi, kuma ban ga laifinsa ba, lissafi aka ɗauke shi ya koyar.

Bari in ɗan ratse. Yayana yana yawan ba da labarin wasannin Afirka da aka yi a Abuja a watan Oktoba na 2003, lokacin ya je sayar da hula da tabarau a bakin filin. Ya ce a can ya fara ganin wani wasa da ake kira sofbol, mata ke bugawa da kulki, ƙanin wasan besbol na Amurkawa ne. Shi bai fahimci komai ba, amma abin da ya tsaya masa a rai shi ne alƙalin da ke tsugune a bayan mai cafe ƙwallo, fuska a rufe da ƙarfe, ga wasu alƙalan a kusurwoyin fili. Ya ce in mutumin nan ya ɗaga hannu magana ta ƙare, 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban babu mai cewa uffan. Ya tambayi wani me ya sa ake jin tsoronsa haka, aka ce masa ba tsoro ba ne, takarda gare shi. Mu dai a Tafa ban taɓa ganin an buga wannan wasa ba, amma kalmar nan ta takarda ita ce gaba ɗaya zancen.

Na taɓa kawo wa Baba wannan magana muna zaune a shago. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ai wannan ba sabon abu ba ne. Ka taɓa ganin an sayar da sa a kara babu dillali? Mai saye bai san mai sayarwa ba, amma dukansu sun san dillali, kuma sun san in ya ci amana akwai sarkin da za a kai shi gabansa." Na ce, "Baba, to ai shi dillali ba shi da satifiket." Ya ce, "Satifiket ɗinsa shi ne an san gidan ubansa. A nan wa ya san gidan uban wani?" Na daɗe ina juya wannan amsa. A ƙauyenmu in za a yi kokawa ko dambe bayan kaka, tsohon ɗan wasa ne ke raba, kowa ya san shi, ba ya buƙatar takarda. A gari irin Tafa kuwa, inda aka taru daga ko'ina, takardar ita ce ke tsaya wa mutum a matsayin gidan uba. Tana nufin akwai waɗanda suka koya masa, kuma akwai inda za a kai ƙararsa.

To yaya ake samun takardar? Alƙalan ƙwallo a Najeriya suna ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda ke aiki da hukumar ƙwallon ƙafa ta NFF, kuma kowace jiha tana da majalisar alƙalanta. Namu na Neja a Minna suke. Bara na samu wani tsohon alƙali a Suleja ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Mutum zai yi rajista, ya yi kwas a kan dokokin wasa guda 17, ya rubuta jarrabawa. Dole ya iya karatu da rubutu da Turanci domin bayan kowane wasa akwai rahoton da zai rubuta. Likita zai duba shi, sannan a gwada gudunsa. Ana farawa daga mataki na uku, a hau na biyu, a hau na ɗaya, kowanne da jarrabawarsa da shekarun da za a yi ana busa ƙananan wasanni, irin dai na makarantu da muke magana. Manya kuwa gwajin FIFA suke yi: gudun tsere na mita 40 sau shida, sannan gudun mita 75 da tafiyar mita 25 har sau 40 ba tsayawa. Na gwada na biyun a filin firamare da asuba, a na goma sha huɗu na zauna ƙasa ina haki, almajirai suna yi mini dariya.

Kuma karatun ba ya ƙarewa, domin doka tana canzawa. A 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan gidansu ya mayar masa da ƙafa. A 2025 aka ce in gola ya riƙe ƙwallo ya wuce daƙiƙa takwas a ba abokan hamayya kwana. Je ka filin unguwa ka tambayi mai busa usur ko ya ji wannan.

Yanzu ga inda zan taɓo mu, kuma a yi haƙuri. Kullum kukanmu shi ne an kawo alƙali ba namu ba, an danne yaranmu. Na tambayi tsohon nan, a duk shekarun da ya yi, yara nawa daga unguwannin Hausawan Tafa suka zo neman shiga? Ya yi shiru yana ƙirga da yatsu, bai cika hannu ɗaya ba. Muna da kuɗin sayen jesi, muna da Alhazan da ke sa kofi da rago, gidajen kallon ƙwallo cike suke da masu zagin alƙalan Ingila da Sifen, amma kuɗin mota zuwa Minna da kuɗin fam ya gagare mu. Uba zai yarda ɗansa ya zama ɗan wasa ko da zai karye, in ka ce alƙali sai ya ce wa zai ba da ɗansa a riƙa zagin uwarsa. Wannan kam gaskiya ne, ana zagi, wani lokaci har da duka, kuma ladan bai taka kara ya karya ba. Ita ƙasar ma baki ɗaya abin ya shafe ta. Mu ne muka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a Sin a 1985, amma da aka fitar da sunayen alƙalan kofin Afirka da aka buga a Kodebuwa a farkon 2024, babu ɗan Najeriya ko ɗaya.

Ban kuma ce mu samu namu don ya busa mana ba, in aka yi haka an koma gidan jiya. Abin da nake hange shi ne a samu yara masu takarda daga kowace unguwa, namu ya je ya busa a Garam ko Ija, nasu ya zo ya busa mana, kowa ya san gobe shi ma ɗansa zai tsaya a filin wasu.

Ni dai na makara. FIFA ba ta sa mutum a jerin alƙalanta sai ya kai shekara 25, kuma kafin nan ya riga ya shekara da shekaru yana hawa mataki, ni kuwa yanzu nake 26 ban fara ba, ga shago. Amma na matakin farko ai bai fi ƙarfina ba, ya ishe ni busa wasan makarantu. Akwai kuma yara biyu da suka gama sakandare bana da suka ce za su bi ni, ɗaya ƙanina ne, ɗayan kuwa ƙanin yaron nan ne da aka fasa wa kai. Da na gaya wa Baba bai ce komai ba, sai da zai tafi masallaci ya buɗe aljihun tebur ya ajiye mini kuɗin motar mutum uku, ya ce in tabbata na dawo kafin ranar kasuwa.

Duk mai yaron da ya gama sakandare kuma yake da sha'awa, ya same ni a shago bayan la'asar kafin ƙarshen wata.