Hatimin Bakatsine da Ajin Lissafi

Kowace shekara idan watan Mayu ya doso, mukan ga ƙannenmu 'yan ajin ƙarshe na sakandare rungume da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, suna haddace amsoshin kamar karatun allo. Ba mu ga laifinsu ba, domin wanda bai samu kiredit a Lissafi da Turanci a WAEC ko NECO ba, shiga jami'a takan yi masa wuya. Da yawanmu mun bi ta wannan hanya, muka fito da tsoron lissafi da kuma zaton cewa baƙo ne da Bature ya zo mana da shi. Tarihi kuwa bai goyi bayan wannan zato ba.

A ƙarni na 18 an yi wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. A nan ƙasashenmu ya yi karatunsa, sannan ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a birnin Alƙahira na Masar. Wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci mai suna Bahjatul Afaƙ a kan ilimin haruffa da aufaƙu. Ya rasu a 1741 a gidan Malam Hasan al-Jabarti, kuma ɗan wannan malami, Abdurrahman al-Jabarti, shahararren marubucin tarihin Masar, ya kawo labarinsa a littafinsa.

Mene ne aufaƙu? Shi ne abin da muka sani da hatimi: zane mai gida-gida da ake cikawa da lambobi, ta yadda ko ta ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, jimilla ɗaya za a samu. Amfanin da wasu ke yi da hatimi a sha'anin asiri magana ce daban. Mu lissafinsa ya dame mu, kuma al-Kashinawi ya bayyana hanyoyin gina wanda gidajen gefensa mara ne, wato uku, biyar, bakwai da sauransu.

Mu gwada mai gida tara da wata sananniyar hanya. A sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba a haura da ita gida ɗaya sama, gida ɗaya dama. In ta fita daga zanen, a shigo da ita ta ɗaya gefen. In gidan a cike yake, a sa ta ƙarƙashin lambar da aka rubuta yanzu. Za a samu 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Ko ta ina 15 ce. Me ya sa? Jimillar 1 zuwa 9 ita ce 45, a raba ta layi uku. Mai gida 25 kuma jimillarsa 325, a raba biyar, kowane layi 65. Ɗalibin da ya gano wannan da hannunsa ya riga ya shiga babin tara jerin lambobi, wanda yake cikin manhajar sakandare, kuma zai yi wuya ya manta shi a ɗakin jarrabawa. Shi ya sa malamai a ƙasashe da dama suke amfani da irin wannan zane a matsayin wasa kwakwalwa lokacin bita.

To yaya aka yi abin ya ɓace mana? A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano. Daga nan hanya ta rabu biyu: hisabi ya tsaya a zaure wurin malamai da Larabci, lissafi ya koma aji, a sakandare kuma da Turanci. Da aka kafa WAEC a 1952, sai jarrabawa ta zama ma'aunin kowa. Yaro yana iya ganin hatimi a gida da safe, ya zauna a ajin lissafi da hantsi, babu wanda ya ce masa dangin juna ne.

A nan namu laifin yake. Mun san al-Kashinawi ne saboda ya rubuta, wani kuma ya rubuta labarinsa. Mu da muke son zama marubuta mun cika rubutun soyayya da siyasa, mun bar ƙannenmu da hadda. Aikinmu na wannan mako shi ne kowa ya gina hatimi mai gida 25, ya rubuta bayanin yadda ya yi da Hausa mai sauƙi, ya miƙa wa ɗalibi ɗaya mai shirin jarrabawa. In yaron ya gina nasa bai tambaye mu komai ba, rubutun ya yi. In ya maƙale, mu duba jimlar da ya maƙale a kanta, mu gyara.

Allah ya ba ƙannenmu sa'a. Sai mako mai zuwa.