Kokawa da Yaƙi a Ƙasar Kankiya da Kusada

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Katsina ta nufi Kano a watannin kaka, ya ratsa Kankiya inda Kankiyan Katsina yake hakimci, ya gangara Yashe ta ƙasar Kusada inda Bebejin Katsina yake riƙe da jama'a, zai tarar an yanke gero, an ɗaure dammuna, gonaki sun zama fili fetal; kuma a irin wannan lokaci ne, tun kaka da kakanni, samarin karkara suke fita dandali idan farin wata ya haska, makaɗa su ɗauki ganga, Sarkin Samari ya sa a buɗe da'ira, ƙauye ya gayyaci ƙauye domin a gwada ƙwanji. Kokawa 'yar kaka ce, gama ba ta yiwuwa sai ciki ya cika, fartanya ta huta, kuma jikin da ya yi wata huɗu yana fama da huɗa da noma ya yi tauri kamar icen ƙirya.

Akwai wata mas'ala da samarin yau suke yawan tayarwa, wato ko wannan wasa yana da wani amfani ranar da faɗa na gaskiya ya taso, alhali a cikinsa babu naushi, babu makami, kuma da zarar ƙasa ta karɓi bayan mutum an gama. Abin sha'awa shi ne mutanen ƙasar Sin suna da irin wannan muhawara game da wani wasansu mai suna Taici, wanda ake danganta asalinsa ga Chen Wangting, wani tsohon mayaƙi na ƙauyen zuriyar Chen a lardin Henan cikin ƙarni na 17, kuma wanda Yang Luchan ya kai birnin Bejin cikin ƙarni na 19. A cikinsa akwai darasin da suke kira turin hannu, inda mutum biyu za su tsaya gaba da gaba, su haɗa damatsa, kowa yana neman tumɓuke ɗan'uwansa daga inda ya kafu, ba da tsabar ƙarfi ba, sai dai ta hanyar jin inda nauyinsa ya karkata. Suna ma kiran wannan ji da sunan saurare. A shekarar 2017, a birnin Chengdu, wani ɗan dambe na zamani ya kayar da wani mai da'awar malantar Taici cikin daƙiƙu kaɗan, jama'a suka yi ca, wasu suka ce ashe duk aikin banza ne. Amma abin da wannan karo ya tabbatar bai wuce cewa darasi daban, fagen fama daban ba, kuma wanda ya ɗauki allo a matsayin sauka ya yaudari kansa.

Abin da Sinawa suke kira saurare, manomin ƙasarmu ya san shi ba tare da ya ba shi suna ba. Ina tuna wani dattijo da na gani yana koya wa jikansa kamu a bakin rumbu bayan la'asar, shi da furfura, yaron kuwa ƙarfi yana cinsa. Ya ɗora tafinsa a kafaɗar yaron, ya ce, "Turo ni, ɗan nan." Yaron ya tattara ƙarfinsa ya turo, tsohon ya ɗan kauce da ƙugu kamar ƙyauren da ba a sakata ba, ya sa masa taɗiya a dunduniya, sai ga shi yana share ƙasa daga haɓa. Ya tashi ya ce, "Baba, ai ban ga lokacin da ka kama ni ba." Tsohon ya ce, "Ni ban kayar da kai ba, kai ne ka kawo mini kanka. In ka riƙe mutum, bar kallon idonsa. Hannunka zai gaya maka ƙafar da ya dogara a kanta, ita za ka nema." Hakika wannan ita ce hikimar kokawa baki ɗaya: sassauta gwiwa, saukar da ƙugu, haƙurin jiran abokin karawa ya yi numfashi ko ya ɗaga diddige, sa'an nan a sungume shi a daidai lokacin da nauyinsa ya bar ƙasa.

To, mene ne matsayin wannan a zamanin da yaƙi yake yaƙi? Bayan da jama'ar Shehu Usmanu, ƙarƙashin Malam Ummarun Dallaje da abokansa, suka ci Katsina a wajen 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, ƙasar Katsina ba ta san kwanciyar hankali mai tsawo ba har ƙarshen ƙarnin. Hare-haren Maraɗawa, musamman a zamanin Ɗan Baskore, suna ratsa ƙasa har su taɓa ta Kano, kuma garuruwan da suke kan hanyar fatake tsakanin biranen biyu ba su da mafita sai ganuwa da tsaro. Amma waɗannan yaƙe-yaƙe ba da kokawa aka yi su ba: aikin 'yan baka ne masu kibiya mai dafi, da barade masu takobi da mashi, da 'yan lifidi waɗanda aka lulluɓe dawakinsu da auduga. Abin da dandali ya bai wa dakare shi ne abin da ba a ɗaure shi a kwari, wato ƙafar da ba ta rawa idan an yi gum, da zuciyar da ta saba jin ƙirjin wani namiji a kan nata ba tare da ta firgita ba, da sanin cewa gaba da gabanta.

Malamanmu ba su jahilci wannan alaƙa ba, domin masu sira sun kawo cewa gabanin yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, an ba matashi Rafi'u ɗan Khadiju izinin fita saboda iya harbinsa, aka mayar da Samuratu ɗan Jundubu saboda ƙuruciya, shi kuwa ya kafa hujja da cewa yana iya kayar da Rafi'u. Aka sa suka yi kokawa, ya kayar da shi, aka ba shi izini. Haka nan Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, kuma Ibnul Ƙayyim ya tattauna wannan a littafinsa Al-Furusiyya. Saboda haka abin da malamai suka ƙyamata a dandali bai kasance kamun kansa ba, sai abin da yake raɓe da shi na bayyanar al'aura, da caca, da cuɗanyar maza da mata, da dogara ga guru da kambu maimakon tawakkali ga Mahalicci.

Da Turawa suka zo a 1903, kuma Sarki Muhammadu Dikko ya hau gadon Katsina a 1906, hari ya ƙare, ganuwoyi suka fara zubewa, wasannin maza suka rabu da inuwar yaƙi suka tsaya da ƙafarsu. Dambe, wanda Bature matafiyi Kilafatin ya kalla a Kano tun 1824 a hannun mahauta, ya riƙe harshen fagen fama har yau, domin hannun da aka naɗe da zare mashi ne, ɗaya hannun garkuwa, kayarwa kuma kisa. Ya sami mawaƙa irin su Ɗan Anace da zarata irin su Shago, ya shiga birane. Kokawa kuwa a wajen 'yan'uwanmu na Nijar ta sami gata, inda tun 1975 ake gasar takobin ƙasa, kuma Kantu na Maraɗi, wato jikan ƙasar da ta taɓa yi mana hari, shi ya fara ɗaukarsa a Tawa. A nan gida kuwa, ko bayan kafa Jihar Katsina a 1987, mafi yawan rayuwarta a hannun ƙauyawa ta ci gaba da kasancewa.

Ni dai ina ganin babbar amsar mas'alar nan tana cikin abin da yake faruwa bayan kaye. Wanda ya yi nasara ba ya bin na ƙasa da duka, sai ya miƙa masa hannu ya tashe shi, gobe kuma su haɗu a gayya suna nome gona ɗaya; kuma ya zo a ingantaccen hadisi cewa ƙarfin gaskiya yana ga mai mallakar kansa lokacin fushi, ba ga gwanin kayar da mutane ba. Yaron da ya sha ƙasa sau ɗari a gaban jama'a ya tashi ya karkaɗe jikinsa, ya kuma kayar da wani ya sake shi nan take, ya koyi inda ƙarfi yake tsayawa. Wannan kuwa shi ne ilmin da ƙasar da ta ɗanɗani ɗacin bindiga a hannun samarinta ta fi bukata. Saboda haka ina roƙon hakimai da dagatai da malaman makarantu na Kankiya da Kusada, idan kaka ta zo aka kai amfani rumbu, su sa a share dandali, a zuba yashi, a kira tsofaffin da har yanzu hannunsu yake jin nauyin mutum, su ɗora shi a kafaɗun jikokinsu tun suna da rai.