Kyanwa a Matsayin Mai Shaida: Waiwaye Kan Fim Ɗin Cat People na 1942

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, ko a nan Lafiya, ya san zukatanmu biyu ne game da kyanwa. Da rana abar tausayi ce, muna tuna Abu Huraira, muna zuba mata sauran tuwo. Amma baƙar mage ta gitta cikin dare, sai a fara a'uziyya, ana raɗe-raɗin maita. Wannan zuciya biyun ce wani kamfanin fim na Amurka ya yi jari da ita fiye da shekara tamanin da suka wuce.

A shekarar 1942 kamfanin RKO yana cikin ƙuncin kuɗi, don haka ya ɗora wa Val Lewton shirya finafinan ban tsoro masu araha, kada kowanne ya wuce dala 150,000. Na farkonsu shi ne Cat People, wanda Jacques Tourneur ya ba da umarni, DeWitt Bodeen ya rubuta. Labarin Irena ne, wadda Simone Simon ta fito a matsayinta: baƙuwa daga ƙasar Sabiya, mai zanen tufafi a birnin Niyok. Ta yi imani cewa ita jinin wasu matsafan ƙauyensu ce, kuma duk ranar da sha'awa ko kishi ya motsa ta, za ta rikiɗe ta zama baƙar damisa. Ta auri Oliver, amma tsoro ya hana ta kusantarsa.

Masu sharhi sun fi ɗaukaka damisar. Mu a ganinmu ƙaramar kyanwa ce ke ɗauke da fim ɗin. Oliver ya kawo wa Irena 'yar kyanwa kyauta, ita kuwa ta tayar da gashi ta yi mata huci. Suka tafi shagon sayar da dabbobi domin musanya ta. Da shigar Irena sai tsuntsaye da sauran dabbobi suka rikice da kuka. Suka karɓo kanari, shi ma daga baya ya mutu don firgici lokacin da ta sa hannu cikin kejinsa. Har zuwa nan mai kallo bai ga farce ko haƙori ba. Miji na cewa camfi ne, likitan ƙwaƙwalwa Dokta Judd na cewa ciwon tunani ne, kyanwa kaɗai ta yanke hukunci, mu kuma muka gaskata ta. Hakan ba baƙo ba ne gare mu, tun da a wurinmu ma ana cewa dabba na ganin abin da ɗan Adam ba ya gani.

Kyanwa ta sake bayyana a wurin ninkaya, inda Alice, abokiyar aikin Oliver da Irena ke kishi da ita, ta je wanka da dare. Wata 'yar kyanwa ta gantsare ta gudu, sannan aka ji gurnani, inuwa na yawo a bango. Rashin kuɗi ya sa aka dogara ga duhu, duhun kuwa ya fi kowane dodo aiki. Da Paul Schrader ya maimaita fim ɗin a 1982, ya nuna rikiɗar ƙuru-ƙuru, sai tsoron ya ragu.

Abin da ke damunmu shi ne wadda aka ba da shaidar a kanta: mace, baƙuwa, marar dangi a gari, wadda laifinta gado ne, kamar yadda ake cewa ana shan maita a nono. Mun san irin matan da ake nuna wa yatsa a unguwanninmu bisa hujjar da ba ta fi hucin mage ƙarfi ba. Fim ɗin dai ya gaskata zargin: Irena ta kashe Dokta Judd, ta tafi da raunin da ya yi mata zuwa gidan namun daji, ta buɗe wa damisa keji, ta mutu a wurin. A 1993 Amurka ta sa shi cikin jerin finafinan da ƙasar ke adanawa.