A Rushe ko a Gyara? Waiwaye Kan Makomar Tsofaffin Gine-ginen Ƙasa

1.0 Gabatarwa

A duk tsohuwar unguwa ta biranenmu akwai gidan da ya kai magada ga rabuwar kai: soro ya tsage, azara ta ruɓe, wasu na cewa a rushe a sa bulo, wasu na cewa gidan kakanni ne. A wannan maƙala mun waiwayi yadda aka yanke irin wannan hukunci a Kano da Zariya, domin mu ga abin da manhajar Hausa za ta tsinta, musamman a makarantun Jakusko da Gashuwa da Nguru. Abin da muka fahimta shi ne, ba ranar da aka kawo diga ake yanke hukuncin rushe gidan ƙasa ba. An yanke shi ne tun shekarar da aka daina yi masa yaɓe.

2.0 Ginin Ƙasa da Hidimarsa

Magina na jera tubali su ɗaure shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, su yi rufi da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba. Idan ɗakin mai faɗi ne sai a yi masa bakan gizo ko ɗaurin guga. Daga waje kuma a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Indararo shi ke fitar da ruwan sama nesa da jikin bango. Duk waɗannan suna bukatar dubawa kafin kowace damina. Ke nan ginin ƙasa tamkar dabbar kiwo yake, yana rayuwa ne gwargwadon kulawar mai shi. Da zarar gida ya zama na gādo, magada suka watsu, babu wanda ya ɗauki nauyin toshe tsaga, to ruwa zai samu hanya.

3.0 Gidan Makama: Gidan da Aiki Ya Raya

Ana danganta Gidan Makama na Kano da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi wajen ayyukan mulki. Daga baya wani ɓangarensa ya zama makaranta, wani kuma gidan tarihi a ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda doka ta 77 ta 1979 ta kafa. Abin lura a nan shi ne, a kowane zamani an samar wa gidan aikin yi, saboda haka aka samu mai yi masa yaɓe. Ƙofar Na'isa kuwa ba ta yi wannan sa'a ba. Duk da cewa ganuwar Kano ta shiga jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO a 2007, an rushe ƙofar a 2010 domin faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Wannan ya nuna cewa rubuta suna a takardar hukuma kaɗai ba ya tsare gini.

4.0 Masallacin Zariya: Farashin Jinkiri

Ko da yake ba gidan zama ba ne, Masallacin Juma'a na Zariya shi ne misalin da ya fi fito da nauyin wannan hukunci. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), kuma masana sun daɗe suna kallon bakunansa a matsayin ƙololuwar fasahar ginin Hausa. A shekarun 1970 aka zaɓi hanyar tsakiya: ba a rushe shi gaba ɗaya ba, sai aka lulluɓe tsohon ɗakin salla da sabon gini. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na rufin ya rufta wa masallata ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Shekara guda bayan haka, a Satumbar 2024, ruwan sama ya rusa tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram. Saboda haka ba za mu ce duk mai neman a rushe tsohon gini maƙiyin tarihi ne ba. Rai ya fi gini, kuma barin mutane a ƙarƙashin rufin da ya tsage ba kishin gādo ba ne.

Akwai kuma darasi na biyu. Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya auna masallacin Zariya ya zana shi, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Ashe ko gini zai tafi, ana iya ceto iliminsa in an yi aikin da wuri.

5.0 Gogaram da Ɗalibin Jakusko

Ɗalibin Jakusko ba sai ya je Kano ba. Gogaram, birni mai ganuwa da Lawan Babuje ya kafa wajen 1825 ya zama cibiyar Bade, yana cikin ƙaramar hukumarsa. Birnin ya jure hare-haren Haɗeja da Barno a zamanin Mai Alhaji, amma a shekarun 1940 sarauta ta koma Gashuwa. Garin da fada ta bar shi, wa zai yi wa soraye da zaurukansa hidima? Ga kuma ambaliya irin ta 2022, wadda ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a yankin. Tambayar a rushe ko a gyara tana ƙofar gidan ɗalibin.

6.0 Kammalawa da Shawarwari

Muna ba masu tsara manhaja shawarar su sa wannan batu a darasin al'ada da na insha'i a babbar sakandare. Ɗalibai su tattara kalmomin gini daga bakin magina, su ziyarci wani tsohon gida da izinin masu shi, su zana fasalinsa, su rubuta tarihinsa daga dattawa. Sa'an nan a shirya muhawara a kan tambayoyi huɗu: Shin ginin na barazana ga rai? Me ya faru a cikinsa da ya sa ya fi saura? Akwai magini da kuɗin gyara? Wane aiki zai yi bayan an gyara shi? Idan amsoshin sun kai ga rushewa, to a auna, a ɗauki hoto, a adana ƙyaure da azara kafin a sa diga. Idan kuma sun kai ga gyara, a ambaci wanda zai ɗauki nauyin yaɓen kowace shekara, domin Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.