Matsalar madannan kwamfutar tafi-da-gidanka: yadda ake gano ta da yadda ake magance ta

Allon madannai, wanda masu gyara ke kira kibod, na daga cikin sassan da suka fi saurin samun matsala a jikin kwamfutar tafi-da-gidanka, kasancewar shi ne hannu ya fi taɓawa, kuma shi ne ke fara karɓar ƙura da ruwa da ɓurɓushin abinci.

Wani lokaci harafi ɗaya ne zai ƙi fita, wani lokaci ya riƙa fita sau biyu, wani lokaci kuma a danna wani harafi, sai wani daban ya bayyana.

Matsalar kan tsayar da aikin ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, ko ma'aikacin da ake jiran rahotonsa. Idan kuwa harafin da ya mutu yana cikin kalmar sirrin buɗe kwamfutar, to mai ita ma ba zai iya shiga ba.

To sai dai ba kowace irin wannan matsala ce ke buƙatar kashe kuɗi ba. Sau da yawa madannan lafiyarsu ƙalau, saitinsu ne kawai ya sauya. Don haka abu na farko shi ne a gano inda cutar take kafin a nemi magani: shin a jikin na'urar take, ko kuwa a cikin manhaja?

Yadda madannan ke aiki

A ƙarƙashin kowane madanni akwai wasu 'yan robobi biyu da suka gitta juna kamar almakashi, su ne ke riƙe shi daidai yayin da yake sauka da tashi. A tsakiyarsu akwai wata roba mai taushi, kamar ɗan ƙoƙon da aka kife, wadda ke mayar da madannin sama bayan an sake shi.

Ƙasa da wannan kuma akwai siraran ledoji da aka zana wa layukan lantarki, wasu a tsaye wasu a kwance, tamkar zaren saƙa. Kowane madanni yana zaune ne a mahaɗar layi biyu. Idan aka danna shi, sai layukan su haɗu, kwamfutar ta gane ko wanne ne.

Dukkan layukan suna bi ne ta wata siririyar waya mai faɗi, mai kama da zirin leda, zuwa babban allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar kwamfutar.

Sanin wannan tsari yana taimakawa wajen fahimtar alamu. Idan madanni ɗaya ne kawai ya ƙi aiki, galibi datti ne ya shiga ƙarƙashinsa, ko kuma robarsa ta gaji. Idan madannai da dama ne suka mutu a lokaci guda, to akwai alamar layin da suka yi tarayya a kansa ya yanke, ko siririyar wayar ta saki. Idan kuwa duk suna aiki amma haruffan da ke fita ba su ne aka danna ba, mafi yawanci saiti ne.

Gwaje-gwajen farko

Gwaji na farko shi ne a sake kunna kwamfutar. A manhajar Windows ya fi kyau a zaɓi umarnin Restart maimakon Shut down, saboda na biyun kan adana wani ɓangare na aikin manhajar domin ta yi saurin tashi, ta yadda matsalar za ta iya dawowa tare da ita.

Na biyu, a samo allon madannai irin na kwamfutar tebur, a jona shi ta kafar USB. Idan ya yi aiki daidai alhali na jikin kwamfutar ya ƙi, to matsalar tana jikin na'ura. Idan kuwa dukkansu biyu suna yin kuskure iri ɗaya, sai a duba saiti. Amma a lura, idan madanni irin su Shift ko Ctrl ya maƙale a ƙasa, zai iya rikita har da allon da aka jona.

Na uku, a gwada shiga BIOS, wato shafin saitin da ke buɗewa kafin Windows ta tashi. A yawancin kwamfutocin Dell ana danna F2 ne da zarar an kunna, a na HP kuma Esc ko F10, a na Lenovo F1 ko F2. Idan madannan da suka ƙi aiki a cikin Windows sun yi aiki a nan, to ba jikinsu ne ya lalace ba.

Ga wanda ya kasa rubuta kalmar sirrinsa, Windows tana da allon madannai da ke bayyana a fuskar kwamfuta, ana danna shi da linzami. Ana samun sa ta wata 'yar alama da ke ƙasa daga dama a shafin shiga. Bayan an shiga kuma, ana kiran sa ta danna madannin Windows da Ctrl da O a tare.

Idan wani harafi daban ke fita

Jerin haruffan da aka fi sani, wato QWERTY, ya samo asali ne daga keken rubutun da wani Ba'amurke, Christopher Latham Sholes, ya ƙera, wanda kamfanin Remington ya fara sayarwa a shekarar 1874. Sai dai ba duk ƙasashe ke bin wannan jeri ba.

A Faransa ana amfani da AZERTY, kuma shi ne aka saba gani a Nijar da Chadi da yawancin Kamaru. A Jamus kuma QWERTZ ake bi. Tun da yake da yawa daga cikin kwamfutocin da ke kasuwannin Afirka ta Yamma na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, akan sami saɓani tsakanin abin da ke rubuce a kan madannan da tsarin da aka zaɓa a cikin manhaja.

Alamun a bayyane suke. Idan A na fita a madadin Q, kuma Z a madadin W, to kwamfutar ta koma tsarin Faransa. Idan Y da Z ne suka yi musayar wuri, tsarin Jamus ne. Idan aka nemi alamar @ sai alamar zance ta fito, to tsarin Ingila da na Amurka ne suka cakuɗe. Danna madannin Windows tare da dogon madannin tazara yana sauya tsarin daga wannan zuwa wancan.

A wasu ƙananan kwamfutocin, mutum zai ga J da K da L sun koma 1 da 2 da 3, U da I da O kuma sun koma 4 da 5 da 6. Wannan na nufin an kunna Num Lock ne ba da sani ba. Ana kashe shi ta sake danna shi, a wasu samfuran tare da Fn.

Haka kuma akwai saituna biyu da aka tanada domin masu lalurar hannu, waɗanda kan kunnu bisa kuskure. Riƙe Shift na dama har daƙiƙa 8 yana kiran Filter Keys, wanda kan sa kwamfutar ta yi biris da dannawa mai sauri, har mutum ya ɗauka madannan duk sun mutu. Danna Shift sau 5 a jere kuma yana kiran Sticky Keys. Ana kashe su duka a sashen saitin madannai.

Idan rubutu yana tsalle daga wannan layi zuwa wancan, sau da yawa tafin hannu ne ke gogar faifan linzamin da ke gaban madannan. Kashe faifan na ɗan lokaci zai tabbatar da haka.

Idan duk waɗannan ba su yi ba, ana iya shiga Device Manager a cire 'yar manhajar da ke tafiyar da madannan, wadda ake kira direba, sannan a sake kunna kwamfutar. Windows za ta mayar da ita da kanta.

Rashin haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba lalacewa ba ce. Windows tana da tsarin madannai na Hausa, ƙara shi kawai ake yi a sashen saitin harshe.

Ƙura da datti

A ƙasar Hausa ƙura ce babbar abokiyar gabar madannai, musamman a lokacin hunturu, daga watan Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da iska ke kwaso ta daga Sahara, ciki har da kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Tsakuwa ɗaya ƙarama ta isa ta hana madanni sauka.

Kafin a fara sharewa, a kashe kwamfutar a cire ta daga wuta. Sai a karkata ta, a ɗan bubbuga bayanta a hankali, a bi tsakanin madannan da buroshi mai laushi, sannan a hura iska da gwangwanin iska ko 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran agogo. Hurawa da baki ba ta da kyau, saboda danshi.

Idan madanni yana danƙo, ana goge gefensa da auduga da aka ɗan jiƙa da sinadarin isopropyl, wanda ke bushewa nan take. Kada a zuba shi kai tsaye, kuma kada a yi amfani da fetur ko kananzir, domin suna cin roba.

Ana iya ɓalle hular madanni a share ƙarƙashinta, amma 'yan robobin da ke riƙe da ita suna da saurin karyewa, musamman a manyan madannai irin su Enter da na tazara, waɗanda ke da ƙarin ƙarfe a ciki.

Ko manyan kamfanoni ma ƙura ta ba su wahala. A shekarar 2015 kamfanin Apple ya fito da wani sabon tsarin madannai marasa kauri a kwamfutocinsa na MacBook, wanda ya laƙaba wa sunan malam-buɗe-littafi. Masu saye da yawa sun koka cewa 'yar ƙura kaɗan kan sa haruffa su maƙale ko su maimaita kansu. A 2018 kamfanin ya fara gyara su kyauta, a 2020 ya daina amfani da tsarin baki ɗaya, sannan a 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 domin sasanta ƙarar da aka shigar a Amurka, ko da yake bai amsa laifi ba. Shirin gyaran kyautar ya riga ya ƙare, don haka mai sayen MacBook na hannu da aka ƙera tsakanin 2015 da 2019 sai ya gwada kowane madanni kafin ya biya.

Idan ruwa ko shayi ya zube

A nan gaggawa ce ke ceton kwamfuta. A riƙe madannin kunnawa har ta mutu, a zare wayar caji, a cire batir idan mai ciruwa ne. Sai a goge abin da ya zube, a buɗe kwamfutar a kife ta a kan tawul domin ruwan ya gangaro waje.

Babban kuskure shi ne saurin kunna ta don a ga ko tana aiki, domin wuta da ruwa idan suka haɗu suna iya ƙona babban allon, wanda ya fi madannan tsada nesa ba kusa ba. A bar ta aƙalla kwana 2 a inuwa mai iska. Shanya ta a rana ko hura mata iska mai zafi na iya lanƙwasa roba da cutar da batir, binne ta a cikin shinkafa kuma ba ya fitar da ruwan da ya shige ciki.

Shayi da lemo da kunu sun fi ruwa zalla illa, saboda sukarin da ke cikinsu yana daskarewa, ragowarsu kuma ta ci gaba da cin layukan lantarki. Shi ya sa kwamfuta kan yi aiki bayan ta bushe, sannan madannan su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya cikin makonni. Irin wannan gara a kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke tun da wuri.

Alamar da ba a wasa da ita

Idan aka ga madannan ko faifan linzami sun tasa sama, ko murfin ƙasa ya fara buɗewa, to wataƙila batir ne ya kumbura. Batiran litiyam kan tara iskar gas idan sun tsufa ko sun sha zafi, kuma a yawancin sababbin kwamfutoci a ƙarƙashin wurin ɗora hannu suke.

Wannan ya wuce matsalar rubutu, domin batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. A daina cajin kwamfutar, kada a danne ta ko a huda batirin, a kai a sauya shi. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko matashi, inda kafofin shan iskarta ke toshewa, da barin ta a cikin mota a rana, suna ƙara wannan haɗari.

Kafin a je wurin mai gyara

Idan gwaje-gwaje sun nuna cewa jikin na'urar ne, ya kamata mai gyara ya fara da zare siririyar wayar nan, ya share bakinta ya mayar, domin wani lokaci iyakar aikin ke nan. Sai idan hakan bai yi ba ne za a yi batun sauya allon.

A tsofaffin samfura, 'yan kusoshi kaɗan ne ke riƙe da allon madannai, kuma sauya shi ba ya ɗaukar lokaci. A sirara na zamani kuwa, sau da yawa an manne shi ne da murfin sama, ta yadda sai an sauya su tare, abin da ke ƙara tsadar aikin. A tabbatar sabon ya dace da lambar samfurin da ke rubuce a ƙasan kwamfutar, kuma jerin haruffansa shi ne wanda aka saba da shi.

Yana da muhimmanci mutum ya kwafe takardunsa da hotunansa zuwa wani ma'aji, ya kuma fita daga akwatin imel da shafukan bankinsa kafin ya miƙa kwamfutar. Gwajin madannai ba ya buƙatar a bar wa kowa kalmar sirri, ana iya yin sa a gaban mai ita, ta buɗe shafin rubutu a danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya kafin a biya kuɗin aiki.

Wanda kuma ba shi da halin gyara a yanzu, allon madannai na USB yana da araha, kuma zai riƙe shi aiki har zuwa lokacin da ya samu hali, muddin dai ba batir ne ya kumbura ba, kuma ba ruwa ne ya shiga ba.