Peugeot da Toyota a Hanyoyin Damagaram

A 1980, ina da shekara goma sha huɗu, Baba ya kama hannuna ya kai ni garejin wani amininsa a Sabon Garin Damagaram, ya ce masa, "Ga ɗanka nan, ka koya masa abin da zai ci abinci." Aikin farko da maigida ya ba ni shi ne wanke kafireton wata Peugeot 404 mai tamfol a baya, irin wadda muke kira bashe. Ya zuba fetur a tsohuwar tasa, ya warware kafireton ƙwaya-ƙwaya a kan tsumma, ya ɗauki wata 'yar ƙaramar jan ƙarfe mai huda kamar ta allura, ya sa a baki ya hura, ya ɗaga ta ya duba da hasken rana. Ya ce, "Yaro, in wannan huda ta toshe, motar Alhaji da jakin mai itace ɗaya suke." Tun daga ranar nake ƙarƙashin motoci, kuma iri biyu ne suka cinye mini ƙuruciya da girma: Fijo, kamar yadda bakinmu ke faɗa, da kuma Toyota.

Damagaram garin masu tafiya ne tun kafin a san taya. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin raƙuma daga Tarabulus kan biyo ta Agadas ya sauka a unguwar Zango kafin ya wuce Kano. Kakannin wasu daga cikin direbobin da na sani madugai ne da 'yan ayari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turai suka koma shigowa ta teku, hanyar hamada ta yi sanyi. A ƙarshen 1924 motocin Citroën masu sarƙa a baya, da suka taso daga Aljeriya don ratsa Afirka, suka bi ta Zinder, wato Damagaram, a kan hanyarsu ta zuwa Tafkin Chadi. Shekara biyu bayan haka Faransawa suka ɗauke babban birni suka kai Yamai. Abin da ya rage wa Damagaram shi ne gyaɗa da fatu da dabbobi, kuma duk fuskarsu kudu take kallo. Yamai tana da nisan kilomita kusan 900, Kano kuwa ba ta kai 250 ba. Wannan tazara ita ce ta zaɓa mana mota, tun kafin wani ya tambaye mu ra'ayinmu.

An fito da 404 a 1960, shekarar da Nijar ta sami 'yanci, 504 kuma a 1968. Amma abin da ya kafa Peugeot a wajenmu ya faru ne a Kaduna, inda kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin a Kakuri a 1975. Daga nan 504 ta cika Najeriya, ta zama motar gwamnati, ta zama motar haya, kayan gyaranta suka cika Kano. Ga kuma wata ƙofa ta arewa: samarin Turai kan sayi tsofaffin Peugeot a ƙasashensu, su ratso hamada ta Tamanraset da Asamaka, su sayar a Arlit ko Agadas ko nan wurinmu, su koma gida da kuɗin jirgi. Na sha buɗe irin waɗannan motoci in tarar da rairayi har cikin ƙofofi, amma inji na kaɗawa lafiya lau.

Wanda bai shiga 504 doguwa ba, mai layi uku, wadda muke kira familiyal, bai san daɗin hanyar burji ba. Ƙafafunta na da wasa mai nisa, tana haɗiye gargada kamar kana kan katifa. A ɗora mata mutum tara, a ɗaure buhuna da akwatuna a bisa, ta kama hanyar Matamaye da Ɗan Barto, ta tsallaka Daura, kafin la'asar tana Kano. Sai dai ba zan ɓoye aibinta ba, don ni na ci abinci da shi. Mota ce mai saurin zafi. A watan Afrilu, in direba ya yi sakaci da ruwan lagireto, sai kan inji ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Ƙura na damun kafireto, tsatsa na cin ƙasanta, ƙofofi kan saki har sai an riƙe su da igiya. Da wuya mai Peugeot ya yi wata guda bai leƙo mu ba.

To amma duk abin da ya same ta, ana gane shi da ido da kunne. Sifana uku, filaya, sukuddireba da guntun waya sun isa su fid da kai daga daji. Tanki ya huje, a murza sabulu a liƙe. Tiyo ya fashe, a yanko robar tsohon tufu a ɗaure. Na ga maigidana ya goge filatin da takardar ashana a gefen hanyar Magarya, fasinjoji na zaune a inuwar gawo, kafin su gama cin ƙuli-ƙuli mota ta tashi. In kuma abin ya fi ƙarfin dabara, sai a ba direban Kano saƙo da safe, gobe da yamma kaya na hannunka daga Ƙofar Ruwa. Shi ya sa makanikin Damagaram yake da baki biyu. Abin da muke kira buji, ɗan Kano fulogi yake cewa. Ambireyajinmu shi ne kulocinsu. Mu ce firan, su ce birki. Yaron da bai iya duka biyun ba, sai ya aika a sayo masa wani abu a kawo wani. Mun gane yadda rayuwar Peugeot ta rataya a kan wannan hanya lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986. Kaya suka koma biyo daji, tsada ta hau, muka shiga kwance matattun motoci muna rayar da masu sauran numfashi.

Akwai inda Peugeot ba ta zuwa, kuma kowane direba ya san iyakar. Ƙafa biyu na baya kaɗai ke ja. Ka bar kwalta a Gure ka nufi Tasker, ko ka saki hanyar Tanut ka shiga Damargu da rani, za ka kwana kana haƙa da sa faifan ƙarfe ƙarƙashin taya. Nan ne Land Cruiser ta fara nuna kanta. Da fari motar gwamnati ce da ta ma'aikatan agaji, musamman a shekarun fari na 1973 da 1984, lokacin da ake kai hatsi da allurar rigakafi rugage. Mu yara kat-kat muke kiranta, muna kallonta daga nesa, don ba ta cika shigowa gareji irin namu ba.

Labarin da ya ɗaukaka sunanta daga gabas ya zo. A 1987 sojojin Chadi, a kan Toyota buɗaɗɗu masu ɗauke da bindigogi, suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har duniya ta sa wa yaƙin sunan motar. A tashar Zinder an daɗe ana wannan hira, kowane direba na ƙara nasa gishiri. Sannan abubuwa suka zo a jere. Tawayen arewacin Nijar da yaƙin cikin gida na Aljeriya suka toshe hanyar samarin Turai a farkon shekarun 1990. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk kayan da ke zuwa daga Faransa kuɗinsu ya ninka. Tsofaffin motoci suka koma sauka a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, kuma na Japan suka fi yawa a ciki. Hiace ta ƙwace layin fasinja, don tana ɗaukar ninkin abin da familiyal ke ɗauka a tafiya guda. Kaduna ta daina harhaɗa 504 wajen 2006, kayan asali suka yi ƙaranci, jabu ya cika kasuwa. A 2012 wani reshen rukunin Toyota ya sayi mafi yawan hannun jarin CFAO, tsohon kamfanin cinikin Faransawa da ya daɗe yana sayar da motoci a ƙasashenmu.

Ni da na buɗe cikin duka biyun, na yarda Toyota ta fi juriya, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Injin gazuwal mai silinda shida da suka fara sa wa Land Cruiser a 1990, wanda ake kira 1HZ, ban taɓa ganin ƙarfe mai haƙuri kamarsa ba. Ba shi da gaggawa, ba ya zafi, ka ba shi mai tsabtatacce ka canza masa baƙin mai a kan kari, sai ya manta da makaniki. A ƙasarmu wannan magana ce ta rai. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawansu daga yankin Kance, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace ruwa ya ƙare. Duk wanda ya taɓa ɗaure kusa a jikin mota a garin nan ya ji wannan labari a ƙirjinsa. In ɗana zai shiga rairayi, ba zan sa shi a motar da nake shakka ba, ko da na san zan iya gyara ta da waya.

Amma akwai abin da ya tafi tare da Peugeot, kuma yana damuna. Mota ce da ƙaramin ɗan kasuwa ko malamin makaranta zai iya tara kuɗi ya saya, ya riƙe ta da ɗan abin da yake samu, yau jika biyu gobe jika uku. Land Cruiser da Hilux na masu ƙarfi ne. Suna daɗewa ba su nemi komai ba, ran da suka nema kuwa sai an sayar da sa. Gurɓataccen gazuwal ya ci famfon inji, ba mai taɓa shi da sukuddireba, sai an ciro an kai wa masu na'ura. Kafin matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a hanyar Tanut a 2011, yawancin man da muke sha na kwalba ne da jarka daga Najeriya. 504 na shanye shi ta yi tari ta wuce, sababbin injuna kuwa ba sa yafewa. Na baya-bayan nan ma kwamfuta ce ke faɗar ciwonsu. Yaran garejina sun fi ni iya karanta ta, ina kuma jin daɗin haka, sai dai kaɗan ne a cikinsu za su saurari inji su ce ga silindar da ba ta ci.

Har yanzu akwai wata 404 bashe da ke shigowa kasuwar Dole ran Alhamis da buhunan gero daga wani ƙauye na gabas. Mai ita dattijo ne, sa'an maigidana. Ba ya yarda yara su taɓa ta. In ya tsaya a bakin gareji sai ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, tana shaƙewa a hawa." Sai in ce, "To Baba, buɗe mu gani." In sa a kawo mini tasa da fetur, in kira ƙaramin yaron da aka kawo mini bana ya tsuguna kusa da ni, in ciro 'yar jan ƙarfen nan in miƙa masa ya hura.